Hutun Hunturu A Bakin Teku: Kwatano Ta Fi Dubai Kusa Da Mafara

Da zarar Disamba ta kama, magana biyu ce ke cika bakin ɗalibai: jarrabawar ƙarshen zangon farko, da kuma inda kowa zai yi hutu. A Talata Mafara da Bakura da Maradun lokacin ne hunturu ke kankama. Ruwan alwalar asuba kamar ƙanƙara, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, hazo ya rufe gari har rana ta koma kamar farin faifai. A daidai wannan lokaci kuma, duk wanda ya leƙa TikTok ko Instagram a wayar yayansa zai ci karo da hotunan mutane kwance a kan yashi a Dubai ko Zanzibar, shuɗin ruwa a bayansu, kwakwa a hannu.

Wannan al'ada ta zuwa bakin teku a ƙarshen shekara daga Turawa ta fito, kuma suna da dalilinsu. A Landan, a makon ƙarshe na Disamba, rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma kuma ta faɗi. Ga sanyi ga duhu, shi ya sa mai hali ke sayen tikitin jirgi ya tafi neman rana. Mu kuwa rana ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya sha zafin watan Afrilu a Bakura ba zai biya ko kwabo domin ya je ya kwanta a rana ba. Abin da ba mu da shi a Zamfara teku ne, kuma don ganin teku a wata ƙasa ba sai an nemi biza ba, ba sai an hau jirgin sama ba.

Birnin da kuka san sunansa tun kuna yara

Kowa a cikinku ya taɓa jin an ce mota "'yar Kwatano" ce. Sunan ya samo asali ne daga Cotonou, birni mafi girma a Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu ta yamma, inda shekara da shekaru jiragen ruwa ke sauke motocin da aka yi amfani da su a Turai, 'yan kasuwarmu su je su sayo. A takarda Porto-Novo ce babban birnin ƙasar, amma fadar shugaban ƙasa da tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama duk a Kwatano suke. Tsakaninta da Legas kimanin kilomita 120 ne, ta Badagry da iyakar Seme. Agogonsu da namu ɗaya ne; sai ka wuce zuwa Togo ko Ghana za ka mayar da naka baya da awa guda.

A Disamba damina ta ɗauke a can, rana tana fitowa kusan kullum. Da rana zafi yakan ɗan haura digiri 30, da dare kuma ba ya sauka ƙasa sosai, don haka rigar sanyi da hular sanyi a jaka za su kwana. Bambancin da jikinka zai fara ji shi ne danshin iska. A gida gumi kan bushe tun kafin ka san ka yi shi, a can kuwa riga takan manne a baya tun da hantsi. Leɓen da ya tsage sai ya warke ba tare da man shafawa ba. Hunturu yana leƙa bakin teku a ƙarshen Disamba da Janairu, amma kafin ya kai can ƙarfinsa ya ƙare.

Kada wani ya ɗauka zuwa can sabon abu ne ga mutanenmu. Tun kafin a san kalmar yawon buɗe ido, da an gama girbi magidanta da samari daga ƙasar Sakkwato da Zamfara ke ɗaure kayansu su nufi Kurmi cin rani, su dawo kafin ruwan shuka. Kafin su kuma akwai fatake da ke kai kanwa da tufafi da fatu har Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su dawo da goro. Inda ayari ya yada zango, nan ake kira zango, kuma sunan ya zauna. Akwai unguwar Zongo a Kwatano, akwai a Lome, akwai Sabon Zango a Accra. A Zongon Kwatano za ka ji kiran salla, ka yi ciniki da Hausa, ka samu mai shayi da mai tsire kamar kana tashar Mafara. Ga iyali daga Zamfara wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin tambayar farko da Baba zai yi ba ta wuce "wa muka sani a can, a ina za mu sauka?" ba.

Takardu, kuɗi da hanya

Najeriya da Benin duk suna cikin ƙungiyar ECOWAS. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikinta damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Amma rashin biza ba ya nufin rashin takarda. Ana buƙatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, waɗanda Hukumar Shige da Fice ke bayarwa, kuma tana da ofishi a Gusau. Ba a yin fasfo sai da lambar NIN, wanda bai kai shekara 18 ba kuma sai da amincewar iyayensa a rubuce. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Nan mutane da yawa ke makara: katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya je ya yi ta ana jibi tafiya ya yi aikin banza. Daɗin abin, tun 2016 allura ɗaya ta isa mutum har ƙarshen rayuwarsa.

A Seme za ka ga masu babura suna cewa za su tsallake da kai ta bayan shinge ba tare da hatimi ba. Ka bar su da tayinsu. Ofishin iyaka na haɗin gwiwa da shugabannin ƙasashen biyu, Muhammadu Buhari da Patrice Talon, suka buɗe a Oktoban 2018 shi ne ƙofa. Wanda ya shiga ƙasar mutane ba hatimi, duk shingen da ya tarar a gaba sai ya yi bayani, kuma da Faransanci.

Kuɗin Benin sefa ne, irin na Nijar, kuma an ɗaure darajarsa da yuro: yuro ɗaya kusan sefa 656, ba ya motsi. Naira ce ke motsi. A 2014 naira ɗaya tana sayen kusan sefa uku; a 2024 sai da aka kai ana ba da fiye da naira biyu kafin a samu sefa ɗaya. Saboda haka labarin da kawunka ya ba ka na arahar kaya a Kwatano gaskiya ne a zamaninsa, amma a sake lissafi da farashin canjin wannan makon. Idan kuma ka tsaya ciniki da Bahaushen Nijar, ka sani da dala yake ƙirga: dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma sefa dubu. In ya ce "dala ashirin", sefa ɗari yake nufi.

Hanya ita ce babbar magana. Daga Mafara zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita dubu ko fiye, ko dai ta Gusau da Funtuwa da Kaduna, ko ta Sakkwato da Yawuri da Kontagora da Jebba da Ilori. Ba sai an gaya wa ɗan Maradun ko ɗan Jangebe halin da hanyoyinmu ke ciki ba. Tafiyar dare ba ta taso ba, kuma ranar tashi da hanyar da za a bi hukuncin manya ne, bayan sun tambayi direbobin da suka biyo ta a kwanakin. A da akwai masu bi ta Kamba su shiga Gaya a Nijar, su haye gada zuwa Malanville, su gangara fiye da kilomita 700 ta Kandi da Parakou, amma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar, hanyar ta rikice. A 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sabuwar hanya mai tsawon kilomita 1,068 daga Illela zuwa Badagry. Ranar da aka gama ta, lissafin wannan tafiya zai canza.

Hutun kansa mako biyu ne zuwa uku. In ka cire kwanakin zuwa da na dawowa, abin da ya rage bai wuce mako guda da 'yan kwanaki ba. 'Yan aji shida da JAMB da WAEC ke jiransu su auna da kyau.

Teku ba Bakolori ba ne

Yaran wannan yanki sun fi na wurare da yawa a Arewa sanin ruwa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato tana nan kusa, ga hanyoyin ruwan da ke shayar da gonakin shinkafa har Bakura. Da yawanku a nan kuka koyi iyo, wasu ma ba da sanin Inna ba. Ruwan da ya tsallake madatsar yakan haɗu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato, ya faɗa Kogin Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, daga ƙarshe ya zube a Tekun Atilantika, tekun da ke gaban Kwatano. To amma iyon da ka iya a gida shi ne zai iya yaudararka a can, domin wanda bai iya ba ko kusa da ruwan ba ya zuwa.

Ruwan dam a kwance yake. Teku kuwa bai taɓa tsayawa ba. Igiyar ruwa tana tasowa daga nesa, ta yi tsiri, ta faɗo a gaɓa da ƙarfin da zai iya kayar da babban mutum, sannan ruwan ya koma yana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Gaɓar wannan yanki kuma tana da gangara: taku kaɗan daga inda ruwa ke idon sawu, sai ka ji ya kai ƙirji. Ga shi yana cika yana janyewa kusan sau biyu a kowace rana saboda jan da wata ke yi masa, don haka inda ka ajiye takalmi a bushe da hantsi yana iya zama cikin ruwa da la'asar. Gishirinsa kusan giram 35 ne a kowace lita. In ya shiga ido ko hanci, sai mutum ya rikice.

Amma abin da ya fi kashe mutane a bakin teku ba ya ko kama da haɗari. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, kuma sau da yawa yakan tattaru ya samu wani siririn kwararo tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, ya bi ta nan da gudu zuwa cikin teku. Kamar kogi ne a cikin teku, mai gudu daga gaɓa zuwa zurfi. Gudunsa kan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa guda, wato ya fi na gwanin ninƙaya na gasar duniya. Mugun abin shi ne, daga gaɓa wurin ne ya fi kama da lafiya. Hagu da dama igiyoyi suna fashewa da farin kumfa, shi kuwa tsakiyar shiru, ruwan ya ɗan fi duhu. Baƙo sai ya ce ga inda ya dace in shiga. In ka lura da kyau za ka ga kumfa ko ciyayi ko yashi suna tafiya, suna nisa da gaɓa. Wannan ita ce alamar.

Wanda irin wannan ruwa ya ɗauka, abin da zuciyarsa za ta ce masa shi ne ya juyo ya yi iyo kai tsaye zuwa gaɓa. Nan ne ake rasa rai, domin yana kokawa da abin da ya fi ƙarfinsa har ya gaji ya nutse. Ruwan ba ya danna mutum ƙasa, waje yake kai shi, kuma faɗinsa ba shi da yawa. Abin yi shi ne ka kwanta rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka, ka ɗaga hannu ɗaya ka yi kira. In kana da sauran ƙarfi, ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓa hagu ko dama har ka fita daga kwararon, sannan ka bi igiyoyi su turo ka. Wanda ke kan tudu kuma kada ya faɗa don ceton ɗan'uwansa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce da murfinta a rufe, a kira masunta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 300,000 ke mutuwa a ruwa duk shekara, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A ganina, ga baƙon da ya zo daga Zamfara na mako guda, iyakarsa idon sawu, da babba a kusa, kuma fuskarsa na kallon teku. Ba a juya wa igiya baya don ɗaukar hoto. 'Yan mata su ƙara da wannan: hijabi da doguwar riga in sun jiƙe suna yin nauyi, suna naɗe ƙafa. Tsayawa a kan busasshen yashi ba ƙauyanci ba ne. Ku lura da 'yan garin kansu. Ranar Lahadi da yamma gaɓar Fidjrosse takan cika da iyalai, ana buga ƙwallo, ana hawan doki, ana shan kwakwa, amma kaɗan ne ke shiga ruwan. A bakinsa aka haife su, sun san halinsa.

Abin da za ka gani in ka bar yashin

Kwana biyu sun isa kallon ruwa. Sauran kwanakin garin ne. 'Yan acabarsu, da ake kira zemijan, rigar ruwan ɗorawa suke sawa mai lamba a baya, kuma ana gama ciniki ne kafin a hau. Nan Faransancin da kuke gudu a aji zai rama: wanda ya iya gaisuwa da ƙirga ɗaya zuwa ɗari ya fi ƙarfin a cuce shi. Kusa da fadar shugaban ƙasa akwai mutum-mutumin mace mayaƙiya mai tsawon mita 30, da aka buɗe a 2022 don tunawa da rundunar mata ta tsohuwar daular Dahomey. A arewacin birnin, a cikin tafkin Nokoue, akwai Ganvie, garin da aka gina gidajensa a kan turaku a tsakiyar ruwa. Kasuwarsu a cikin kwale-kwale take ci, yara kuma da kwale-kwale suke zuwa makaranta. Kakanninsu sun shiga tafkin ne don gudun masu farautar bayi.

Wurin da bai kamata ɗalibi ya dawo bai gani ba shi ne Ouidah, ana furta shi Wida, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano. Daga tsakiyar garin akwai hanya ta kusan kilomita huɗu da ke gangarawa bakin teku, wadda bayi suka bi a ɗaure zuwa jiragen Turawa. A ƙarshenta, a kan yashi, aka gina wata babbar ƙofa a 1995, ana kiranta Ƙofar Da Ba A Dawowa. A aji mukan karanta cinikin bayi na Atilantika kamar labarin wasu ne can Kudu. Ba haka ba ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi a ƙasar Hausa, an gangaro da kamammu Hausawa da yawa zuwa tashoshin wannan gaɓa, irin su Wida da Porto-Novo da Legas, aka haye da su Bahia a ƙasar Brazil. Tarihin Brazil ya rubuta yunƙurin tawayen da bayi Hausawa suka shirya a can a 1807, da wanda suka yi a 1814. A Janairun 1835 kuma Musulmin Afirka suka yi babban bore a birnin Salvador, aka samu takardu da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Daga baya wasu 'yantattu suka dawo wannan gaɓa, kuma zuriyarsu na cikin waɗanda suka gina babban masallacin Porto-Novo a farkon ƙarni na 20. Wanda ya gan shi daga nesa zai rantse coci ne irin na Brazil, sai ya ji an kira salla.

A farkon Janairu kuma Wida takan cika maƙil saboda bikin addinin gargajiya na Vodun, wanda gwamnatin Benin ta ware wa ranar hutu. Masauki kan yi wuya, mota ta yi tsada. Iyalin da ke son ganin wurin cikin natsuwa gara su je kafin shekara ta ƙare.

Tayi biyu da za a iya yi maka

Da yake ku ɗalibai ne, wani zai iya tare ku, ko ya tare iyayenku, da maganar jami'a: ga makaranta a Kwatano, ba JAMB, digiri cikin ɗan lokaci. A ƙarshen Disamban 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na jaridar Daily Nigerian, ya wallafa yadda ya samu takardar digiri daga wata makaranta a birnin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi rajistar bautar ƙasa da ita. Kwanaki kaɗan bayan haka, a Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Akwai jami'o'in gaske a ƙasar, amma duk wanda ke son karatu a can sai ya fara tabbatarwa daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya cewa Najeriya ta amince da makarantar, kafin a biya ko sisi.

Tayi na biyu a gida ake yin sa, tun kafin a tashi. Wani ko wata ta ce za ta kai ka hutu ƙasar waje kyauta, ko ta sama maka aiki a shago ko a gida, ba sai da fasfo ba, kuma kada ka gaya wa kowa sai an isa. Haka safarar mutane ke farawa, kuma wannan hanya ta Legas zuwa Kwatano zuwa Lome zuwa Accra tana cikin waɗanda masu wannan sana'a ke bi. Duk tafiyar da aka ce a ɓoye wa Baba da Inna, a gaya musu a ranar, ko a gaya wa malamin aji. Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, don irin wannan aka yi ta.

Ga wanda tafiyarsa ta tabbata bana, a sa gidan sauro a jaka, domin sauron bakin teku ba ya hutun hunturu kamar namu. A ɗauki hoton shafin fasfo da na katin allura a bar kwafi a gida. A rubuta lambar wayar mai masauki a takarda, a sa a aljihun kowane yaro, don layin Najeriya yakan daina aiki ko ya yi tsada da an wuce Seme. Wanda kuma yake hangen baɗi, allurar shawara da lambar NIN ba sa jiran Disamba; ana iya gama su tun a zango na biyu.